Filin Iyaye: Mutumin Da Ya Daskarar Da Tsakar Gidansa

A ƙasar Kanada akwai wani wasa da mutane suke ƙauna kamar yadda samarinmu suke ƙaunar ƙwallon ƙafa, ko ma fiye. Sunansa hoki, wato ƙwallon gora, amma nasu a kan ƙanƙara ake yinsa. Kada mai karatu ya ɗauka irin ƙanƙarar nan ce da takan zubo tare da ruwan farkon damina. A can, in hunturu ya kama sosai, ruwan tafki da na rafi yakan daskare ya zama kamar daɓen siminti, har mutum ya yi tafiya a kai. To, a kan irin wannan daɓe ake wasan. Kowane ɗan wasa yakan sa takalmi mai dogon ƙarfe a ƙarƙashi, siriri kamar bakin wuƙa, da shi yake sulu a guje. A hannunsa akwai doguwar sanda mai lanƙwasa a baki. Abin da ake bugawa kuwa wani ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1. Mutum 6 ne a kowane gefe, har da mai tsaron raga. Ana yin zubi 3, kowane zubi minti 20. Ƙwararre yana iya buga faifan nan ya tafi da gudun mil 100 a sa'a guda, shi ya sa ake ɗaure jiki da kayan kariya tun daga ka har ƙafa.

Wasan nan ba irin wanda yaro zai tashi ya koya shi kaɗai ba ne, yadda namu sukan ƙulla tsumma su yi ta bugawa a lungu. Takalmin yana da tsada, ƙafar yaro kuwa girma take yi kowace shekara. Sanda takan karye. Filin ƙanƙara na cikin gini haya ake biya bisa ga sa'a, ga ƙungiyoyi da yawa suna jira, sai a ba ƙananan yara lokacin asuba, ƙarfe 6 ko kafin haka. Dole wani babba ya tashi cikin duhu da ɗari, ya ta da mota, ya kai yaron, ya durƙusa ya ɗaure masa igiyar takalmi, sa'an nan ya zauna a kan benci mai sanyi ya jira. Saboda haka duk inda ka ga ɗan hoki a Kanada, akwai uwa ko uba ko kaka da ya sha wannan wahala shekara da shekaru. Sun daɗe suna gardama a kan abin da ya kamata iyaye su yi da yaro mai baiwa, kuma sun ga mai kyau sun ga mummuna. Shi ya sa na ga ya dace mu leƙa gidansu a wannan wata.

Uban da ya fi kowa suna a wannan sha'ani shi ne Walter Gretzky. An haife shi a 1938. Iyayensa baƙi ne da suka zo daga gabashin Turai, suka kama gona a wani ƙauye mai suna Canning a jihar Ontariyo, a bakin wani rafi da ake kira Nith. Walter ya buga hoki da ƙuruciyarsa, ya kuwa iya, amma aka ce ba shi da jiki, manyan ƙungiyoyi ba su ɗauke shi ba. Sai ya kama aikin sa wayar tarho da gyaranta a kamfanin Bell, ya yi shekara 34 a kai. Ya auri Phyllis, suka zauna a garin Brantford cikin ɗan ƙaramin gida, suka haifi 'ya'ya 5: Wayne, da Kim ita kaɗai mace, da Keith, da Glen, da Brent.

Wayne, ɗan farin, an haife shi ran 26 ga Janairu 1961. Bai cika shekara 3 ba aka sa masa takalmin sulu a kan rafin nan na gonar kakanninsa. Da daren Asabar kuwa, lokacin da dukan Kanada take gaban talabijin tana kallon hoki, kakarsa Mary takan zauna a kujerarta ta zama mai tsaron raga, jikan yana ta auna ƙafafunta da 'yar sandarsa. Da ya ƙara wayo, ba shi da magana sai a kai shi filin ƙanƙara na unguwa. In an kai shi kuma ba ya yarda a komo. Uban yakan tsaya a waje cikin sanyi har gaɓoɓinsa su sandare, yaron ko a jikinsa.

Walter da bakinsa ya sha faɗa cewa sanyi ne ya kore shi gida. Wato ba wani babban shiri ya zauna ya yi ba na fitar da gwani. Ya dubi ɗan filin ciyawar da ke cikin shingen gidansu, ya ga in ya mai da shi ƙanƙara, zai iya zama a ɗakin girki da ɗumi yana kallon yaro ta taga. Sai ya aske ciyawar ƙasa-ƙasa kafin sanyi ya kama. Da ƙasa ta daskare, ya ɗauko abin nan mai juyawa da ake ban ruwan ciyawa da shi, ya haɗa da tiyo, ya bar shi yana yayyafi dare farai. Ruwan yana sauka yana daskarewa, shimfiɗa a kan shimfiɗa, har ya zama daɓe sumul. Ana ba da labari cewa wata rana abin yayyafin ya lalace a tsakiyar hunturu, ya aiki Phyllis kanti ta sayo wani. Masu kantin suka yi ta dubanta kamar wadda ta taɓu, gama wa zai nemi abin ban ruwa alhali dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina?

A wannan fili ne Wayne da ƙannensa da yaran maƙwabta suka tashi. Kafin makaranta yana kai, in an taso yana kai, wani lokaci ma da takalmin a ƙafarsa yake cin abincin dare don kada ya ɓata lokacin kwancewa. Uban in ya komo daga aiki yakan jera tsofaffin gwangwanaye da robobi a kan ƙanƙarar, yara su yi ta ratsawa tsakaninsu da faifai a bakin sanda. Yakan shimfiɗa sanduna a ƙasa su koyi ɗaga faifai ya tsallake. Amma babban darasinsa na tunani ne. Yakan buga faifai ya bi jikin katangar fili yana zagawa, ya ce wa yaro ya je ya ɗauko. Yaro sai ya bi bayansa a guje. Sa'an nan Walter ya sake bugawa, shi kuwa ya yanke ta tsakiya ya je ya tsaya inda faifan zai fito, ya tare shi ba tare da gumi ba. Abin da yake so su gane shi ne, kada ka bi faifai inda ya riga ya wuce, ka riga shi zuwa inda za shi. Wayne siriri ne, bai fi sauran gudu ba, bai fi su ƙarfi ba. Uban ya san ciwon a ce maka ba ka da jiki, don haka ya koya wa ɗansa abin da ba ya bukatar ƙwanji.

Yana shekara 6 aka sa shi cikin ƙungiyar 'yan shekara 10, don babu ta ƙanana a garin a lokacin. Rigar wasan ta yi masa yawa har tana harɗe masa sanda, sai aka cusa gefen dama cikin wando, kuma haka ya ci gaba da sa riga har ya bar wasa. A shekarar farko sau 1 tak ya jefa faifai a raga. Shekara ta biyu 27, ta uku 104, ta huɗu 196. A kakar wasa ta 1971 zuwa 1972, yana ɗan shekara 10 zai shiga 11, ya ci 378.

Mutane da yawa a Kanada da Amurka sun ji wannan labari sun ɗauki rabinsa. Sun daskarar da tsakar gidajensu, sun jera gwangwanaye, sun sa agogo, sun tasa yaro a gaba. Wayne kansa ya sha ba da amsa ga iyayen da sukan kawo masa 'ya'yansu su ce ya gaya musu sa'a nawa za su riƙa yi kowace rana. Yakan ce shi ba wanda ya taɓa tilasta masa, son abin ne ya hana shi shiga ɗaki. A nan ne nake ganin bambancin yake. A gidan Gretzky yaron ne yake ja, uban yana bi da abin da hannunsa ya iya. In aka juya, uba yana ja yaro yana turjewa, to ko da fili ɗaya ne da gwangwanaye iri ɗaya, wani abu dabam ake yi. Ga kuma wani abin da masu kwaikwayo sukan manta. Da zafi ya shigo ƙanƙara ta narke, Wayne yakan ajiye takalmin sulu gaba ɗaya, ya koma wasan besbol da lakros har hunturu ya dawo. Bayan ya girma ya fito fili ya soki al'adar nan ta sa ƙananan yara hoki wata 12 a shekara, ya ce tana gajiyar da su, tana kashe musu marmari.

Sunan Walter ake ji, amma kada mu wuce Phyllis. Ita ce mai kai wannan yaro filin nan ta kai wancan filin can, ta dafa, ta wanke, ta riƙe lissafin albashin mai gyaran waya da baki 7 a gida. Iyalin suna ba da labarin lokacin da ta so sabon labule, aka ce labule ya dakata, gama Wayne yana bukatar takalmi. Ana faɗar labarin da dariya, amma duk matar da ta taɓa fasa ɗinka zane saboda kuɗin makarantar yaro ta san ba abin dariya ba ne a ranar. Haka ma babban gwanin da Wayne ya taso yana so ya zama kamarsa, Gordie Howe, wanda aka haifa a 1928. A zamanin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, wata maƙwabciya ta kawo wa uwarsa Katherine buhun tsofaffin kaya tana neman 'yan kuɗin abinci. Uwar ta saya don taimako. Da aka zazzage buhun sai ga takalmin sulu. Gordie ya ɗauki ƙafa ɗaya, 'yar'uwarsa ta ɗauki ɗaya, da haka ya fara. Mutumin nan bai bar wasa ba sai da ya kai shekara 52.

Baiwar Wayne ba ta jawo masa ƙauna a garinsu ba. Yara ba su dame shi ba, manya ne. Iyayen abokan wasansa suka fara ƙorafi cewa yana hana 'ya'yansu taɓa faifai. Waɗansu har agogo suke zuwa da shi suna auna tsawon lokacin da ya riƙe shi. Suna yi masa ihu yana shiga fili, yaro ɗan firamare. A 1975 aka shirya wa garin Brantford rana ta musamman a babban filin Maple Leaf Gardens na birnin Toronto, mutanen garinsu suka yi masa ihun wulakanci a can ma. Ku lura, waɗannan mutane su ma iyaye ne masu son 'ya'yansu su ci gaba. Son ne ya karkace ya zama hassada ga ɗan wani.

Wannan ya kawo Walter da Phyllis ga shawara mafi wuya. Wayne yana shekara 14 ya roƙa a bar shi ya koma Toronto, wajen kilomita 100 daga gida, inda ba wanda zai nuna shi da yatsa. Da fari ba su so ba. Daga baya suka yarda, suka danƙa shi a hannun wani iyali, har da takardar riƙo bisa doka, ya zauna a gidansu yana makaranta yana wasa. Yana shekara 16 wata ƙungiya a Sault Ste. Marie ta zaɓe shi, gari mai nisan tafiyar yini guda a mota. Walter ya riga ya rubuta musu cewa ɗansa ba zai zo ba. Bai sake ra'ayi ba sai da aka sami wani iyali da suka sani a garin, waɗanda za su riƙe yaron a gidansu. A can ne ya fara sa lamba 99, domin lamba 9 ta Gordie Howe da yake so tana jikin wani.

Ko sun yi daidai da suka sake shi yana 14? Ni dai ba zan yi saurin cewa i ba don kawai abin ya yi kyau daga baya. Iyayen Bobby Orr, wani babban gwani da aka haifa a 1948, sun sami kansu a wannan hali a 1962. Ƙungiyar Boston ta nace tana son yaron ya buga wa ƙaramar ƙungiyarta ta Oshawa yana shekara 14. Uwar ta kafa sharaɗi: a shekarar farko a gida zai kwana, ranar wasa a kai shi a mota a komo da shi. Aka kuwa yi haka. Tsoron iyaye mata irin wannan yana da dalili. Al'adar hoki a Kanada ita ce samari 'yan 15 da 16 su bar gida su zauna a gidajen baƙi, mai horarwa ya zama shi ne wuƙa shi ne nama a kan makomarsu. A 1996 wani ɗan wasa mai suna Sheldon Kennedy ya kai ƙara cewa mai horar da shi ya yi shekaru yana lalata da shi tun yana yaro, a 1997 aka ɗaure mutumin. Kennedy ya yi shiru duk tsawon lokacin nan saboda tsoro da kunya, kuma mutumin yana da suna a idon jama'a.

Akwai ma ɗan ƙasarmu da ya ɗanɗana wani gefen wannan. Akim Aliu an haife shi a Okene a 1989, ubansa ɗan Nijeriya, uwarsa 'yar Yukren, suka ƙaura Toronto yana yaro, ya fara da takalmin gwanjo. A 2005, yana shekara 16 a wata ƙungiyar samari nesa da gida, ya ƙi yarda da wani wulakanci da tsofaffin 'yan wasa sukan yi wa sababbi cikin motar tafiya. Bayan haka wani abokin wasansa ya buge masa haƙora da sanda a wurin horo. Kafin shi akwai Rumun Ndur, haifaffen Zariya a 1975, wanda ya girma a Ontariyo, shi ne haifaffen Nijeriya na farko da ya buga a NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka. Sai Jarome Iginla, wanda ubansa ɗan Nijeriya ne. Uwarsa da kakanninsa na wajen uwa ne suka yi ɗawainiyar kai shi fili a kusa da Edmonton, ya kuwa ci 625 a NHL. Duk uban da wani baƙo ya zo wa da maganar zai kai ɗansa makarantar ƙwallo a Legas ko Turai, tambayar da Walter ya yi ita ce tasa: a gidan wa zai kwana, wa kuma zai gaya wa in an cuce shi?

Wani lokaci kuma haɗarin a cikin gida yake. Patrick O'Sullivan, haifaffen 1985, ya buga wasa fiye da 300 a NHL. A 2015 ya bayyana wa duniya irin tashin da ya yi. Ubansa ya taɓa neman zama gwanin hoki bai samu ba, sai ya ɗora burin a kan ɗan. In an taso daga wasa duka ne, ko an ci ko ba a ci ba. Yakan tashe shi da tsakar dare ya sa shi motsa jiki, yakan sauke shi daga mota cikin sanyi ya ce ya ƙarasa da gudu. Sai da yaron ya kai shekara 16, a farkon 2002, ya tsaya ya kare kansa, ya kira 'yan sanda, kotu ta hana uban kusantarsa. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, shi ne manya da yawa sun ga alamu a bakin fili da wurin ajiye motoci, ba wanda ya buɗe baki. Ya kuma ƙi yarda da masu cewa ai dukan ne ya kai shi inda ya kai.

Ku duba, Walter ma mutum ne da ya nemi hoki bai samu ba. Tushen ɗaya ne da na wancan uban. Ɗaya ya ɗauki abin da ya koya daga rashin ya ba ɗansa, ɗayan ya sa ɗansa biyan bashin da ba shi ya ci ba.

A Amurka abin ya taɓa kaiwa ga rai. A watan Yuli na 2000, a garin Reading na jihar Massachusetts, wani uba ya ga ana yin wasan yara da ƙarfi fiye da kima, har an taɓa ɗansa. Ya yi cacar baki da mutumin da ke lura da yaran, shi ma uba ne da 'ya'yansa suke cikin filin. Cacar baki ta zama dambe, ya doke shi har ya mutu, yara suna kallo. A 2002 aka yanke masa ɗaurin shekara 6 zuwa 10. Wasan kuwa ko na gasa ba ne, motsa jiki ne kawai na lokacin hutu. Yanzu a wurare da yawa a Kanada sai uwa ko uba ya yi wani ɗan kwas na ladabin bakin fili kafin a rubuta sunan ɗansa.

Sauran labarin Wayne sananne ne, ba sai mun daɗe a kai ba. A 1978, yana shekara 17, ya sa hannu a kan yarjejeniyar dala miliyan 1 da dubu 750. Ya ci Kofin Stanley sau 4 tare da ƙungiyar Edmonton, a 1984 da 1985 da 1987 da 1988. Da ya bar wasa a 1999 ya jefa 894 a raga, ya miƙa wa waɗansu sun ci sau 1,963, jimlar maki 2,857. Adadin nan na 894 ya tsaya ba wanda ya wuce shi sai a Afrilu 2025, da Alexander Ovechkin ɗan Rasha ya zarce. Lamba 99 kuwa an jingine ta, ba mai sake sa ta a NHL.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne sauran yaran gidan. Fili ɗaya suka taka, uba ɗaya ya koya musu, gwangwanayen ma su ne dai. An zaɓi Keith a 1985 amma bai taɓa buga wasan NHL ba. Brent ya buga wasa 13, ya sami maki 4. Masu barkwanci sukan ce ba waɗansu 'yan'uwa biyu da suka kai Wayne da Brent maki a tarihin gasar, wato 2,861 in an haɗa. Gaskiya ne kuwa. Amma lissafin yana nuna mana iyakar abin da uba zai iya. In da daɓen ƙanƙara da dabarun Walter ne suke yin Wayne, da an sami huɗu a gidan. A Kanada masu hoki da aka rubuta sunayensu sun kai wajen rabin miliyan, galibinsu yara. NHL kuwa ƙungiya 32 ce, kowace tana riƙe da mutum 23, wato gurbi bai kai 750 ba, kuma Amurkawa da Turawa suna nema su ma. Kusan kowane uba da ya tashi da asuba ya ɗaure igiyar takalmi, uban Keith ne ko uban Glen. In lada ɗaya da yake jira ita ce yarjejeniyar miliyoyi, to ya yi asara tun kafin a fara, kuma yaron zai karanta wannan asara a fuskarsa kowace ranar wasa. In kuwa abin da yake nema shi ne yaro ya sami lafiyar jiki, ya koyi aiki da mutane, ya iya shan kaye ya tashi, ya kuma tuna waɗannan safiyoyi da daɗi, wannan yana hannun kowa.

Walter bai bar aikin waya ba don ɗansa ya yi kuɗi, bai kuma bar ƙaramin gidan nan na Brantford ba. Baƙi sukan ƙwanƙwasa ƙofa, ya shigar da su ɗakin ƙasa ya nuna musu riguna da kofunan Wayne, ya bar yara su gwada. Ya yi ritaya a 1991. A watan Oktoba na shekarar, kwanaki kaɗan bayan ya cika 53, wata jijiyar jini ta fashe a kansa. Ya rayu da ƙyar, amma tunanin shekaru masu yawa ya goge, har da shekarun da ɗansa ya yi yana cin kofuna. Mutumin da ya daskarar da tsakar gida sai ga shi ana ba shi labarin abin da ya fito daga ciki. 'Ya'yansa da matarsa suka yi jinyarsa, aka sake koya masa abubuwan yau da kullum da kaɗan-kaɗan. Mai aikin jinyar da ya taimake shi ya farfaɗo shi ne daga baya ya auri Kim. Da ya sami sauƙi ya koma koya wa ƙananan yaran garin hoki, yana kuma yawon tara gudummawa domin makafi da masu shanyewar jiki. Phyllis ta rasu a 2005.

Walter ya rasu ran 4 ga Maris 2021 yana da shekara 82. Lokacin annobar korona ne, don haka mutane kaɗan aka bari suka shiga majami'a. Sauran suka tsaya a waje. Da motar gawa ta fito, ɗaruruwan mutane, yara da manya, da yawansu sanye da rigunan wasa, suna jere a bakin titi, suna ƙwanƙwasa sandunansu a ƙasa, yadda 'yan hoki suke gaishe da nasu in zai fita daga fili.